Yadda Intel da AMD suka kwashe kasuwar manyan kwamfutoci

Duk wanda ya san Kakuri a shekarun 1980 ya san darajar Fijo 504, wadda kamfanin PAN ya fara haɗawa a can a 1975. Akwai motocin da suka fi ta gudu, amma ita ce kowane bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ba a wahalar nema. Da irin wannan farin jini Intel ya ci kasuwar uwar garke, wato manyan kwamfutocin da bankuna da kamfanonin waya ke ɗora aikinsu a kai.

A da can kowane babban kamfani da irin tasa ƙwaƙwalwar kwamfuta. HP na da PA-RISC, Sun ya fito da SPARC a 1987, IBM da POWER a 1990, DEC kuma da Alpha a 1992, wadda ta yi suna wajen sauri. Tsada gare su, manhajar wannan kuma ba ta aiki a kan wancan. Ƙirar x86 ta Intel ana ganinta kayan teburin akawu ce kawai, har sai da Pentium Pro ta fito a 1995, ga manhajojin Windows NT da Linux suna ƙara ƙarfi a kanta.

Abin mamaki, Intel da kansa ya so ya watsar da x86. Ya haɗa kai da HP suka fitar da Itanium a 2001, sabuwar ƙira da tsofaffin manhajoji ke jan ƙafa a kanta. Masu saye suka ja baya. A 2003 AMD ya kawo Opteron, ya faɗaɗa x86 zuwa bit 64 ba tare da an zubar da manhajar da aka saba da ita ba. Shekara na zagayowa Intel ya bi sahu.

Sauran kuwa ɗaya bayan ɗaya suka kau. Compaq ya saye DEC a 1998, Oracle ya haɗiye Sun a 2010, Itanium ta yi sallama a 2021. IBM ne ya riƙe POWER har yau.

Yanzu gardamar ta koma kan wuta. Ƙirar ARM, wadda ke cikin wayar hannu, ba ta cin lantarki da yawa, shi ya sa Amazon ya gina Graviton a kanta a 2018, Apple ma ya koma kanta a kwamfutocinsa a 2020. Mai shagon kwamfuta a Barnawa ko Sabon Tasha, da janareta ke cinye masa riba, ya fi kowa dalilin bin wannan gasa.