Iyafis

iyafis (suna, namiji, aro daga Ingilishi). Na'urar da ake sa wa a kunne ko a ɗora a kai don jin sauti daga waya ko rediyo ba tare da damun na kusa ba. Akwai mai igiya, wanda bakinsa yawanci milimita 3.5 ne, akwai kuma mai Bluetooth da sai an yi masa caji.

Kowane kiɗa da irin iyafis ɗinsa. Waƙoƙin fiyano na situdiyo, irin na Hamisu Breaker da Ado Gwanja, suna son mai amo mai nauyi da robar da ke toshe kunne ruf. Kalangun Mamman Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos kuwa, in amon ya yi yawa sai ya danne muryar mawaƙi, baitin ya ɓace. Hasara ce babba. Mai saye, in ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ya gwada da waƙoƙin nan iri biyu kafin ya biya. Ƙure ƙara kullum yana kashe ji.

*Misali:* "Yaya, ara mini iyafis ɗinka, nawa kunne ɗaya ya mutu."