Gajeren Labari da Sha'awar Mai Karatu a Ƙasar Hausa: Waiwaye

Gabatarwa

Masu nazarin rubutaccen adabin Hausa sun fi mai da hankali ga marubuta da hukumomin ɗab'i, ba su cika waiwayar mai karatu ba. Alhali kuwa idan aka bi tarihin ƙagaggen labari, za a tarar cewa abin da ran mai karatu ke so shi ne ya tsara siffar da labarin ya ɗauka. Bahaushe da kunne ya fara sanin daɗin labari, tun kafin ya san shi da ido.

Daga Baki Zuwa Takarda

Tatsuniya da hikaya da labarun barkwanci duk gajeru ne, ana gama kowannensu a zama guda, a gaban masu sauraro da ke da ikon yin dariya ko gyara wa mai ba da labari. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku, daga rubuce-rubucen ajami na malamai. Sai dai an yi wannan aiki ne musamman domin Turawa masu koyon Hausa, ba domin hirar Hausawa ba.

Gasar 1933

A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labarai. Ya sha wahala wajen shawo kansu, domin a ganin yawancinsu rubutu na ilmi ne da addini, tatsuniya kuwa ta mata ce da yara. Duk da haka gasar ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi.

Abin lura a nan shi ne, dogon labari aka nema, amma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam gajerun labarai ne da aka jera a kan zaren tafiya guda. Sau da yawa in Alhaji Imam ya sauka a gari, sai ya yi karo da Malam Zurƙe, a ƙulla wani makirci, a warware, a wuce gaba. Mai karatu na iya ɗaukar aukuwa ɗaya ya ba abokansa a dandali, ba tare da ta rasa armashinta ba.

Magana Jari Ce

Wannan dabara ta cika ta batse a Magana Jari Ce, wanda Imam ya rubuta a Zariya a 1936. Ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turai, ya sa musu rigar Hausa, sa'an nan ya ɗora su a bakin aku. A littafi na farko akun yana ba Musa ɗan Sarki labari ne don ya ɗauke masa hankali, kada ya fita daga gida ya faɗa tarkon Waziri. Wato a cikin littafin kansa akwai mai ba da labari da mai sauraro, kuma in labarin bai yi daɗi ba, rai zai salwanta. Kowane mai karatu kuwa da nasa zaɓin: wani ban dariya yake bi, wani hikimar shari'a, wani jaruntaka.

Bayan Imam

Daga shekarun 1980 littattafan da aka fi sani da Adabin Kasuwar Kano suka karkata ga dogon labarin soyayya, amma su ma kashi-kashi ake fitar da su, ana kuma karanta su a gidajen rediyo. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata, inda ake karanta zaɓaɓɓun labarai ga masu sauraro. Labari ya sake komawa kunne.

Kammalawa

Darasin da ke nan ga malamai shi ne, ba a auna gajeren labarin Hausa da ma'aunin Turai kaɗai. Ɗalibin da aka tilasta wa tsamo jigo da salo tun bai ji daɗin labari ba, da wuya ya sake buɗe littafi bayan jarrabawa. A fara karanta masa da murya, a tambaye shi wanne ya fi so da dalilinsa. Daga nan nazari ke farawa.