Daga Mazari Zuwa Walda: Sana'ar Mata a Tasawa da Mayahi

A watan Janairun 1851 Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Tasawa, ya tarar da gari mai kasuwa da marina. Rini aikin maza ne, saƙar fari ma haka, amma zaren daga hannun mata yake fitowa. Mace ce ke gurzar auduga, ta shiɓe ta da baka, ta dangwali alli ta murza mazari har zare ya taru, masaƙi ya saya. In ba ta yi kaɗi ba, masaƙa da marina duk sun zauna. Ga kuma man gujiya da ƙuli-ƙuli da take fitarwa daga cikin gida. Saboda haka mai cewa shigar mata sana'ar hannu baƙon abu ne a ƙasar Tasawa da Mayahi bai waiwayi tarihin garinsu ba.

Abin da ya faru shi ne sana'o'in matan ne suka mutu. Zaren masana'anta da atamfa sun binne kaɗi. Farin 1973 da 1974 ya karya noman gujiya a jihar Maradi. Da jama'a ta yawaita gonaki suka ƙuntata, gamanar da miji ke yankar wa matarsa ita ce ta fara tafiya. Kuma duk aikin da inji ya shiga, namiji ya karɓe shi: niƙa na mata ne a kan dutse, da injin niƙa ya zo sai ya zama na maza. Aka bar wa mata ɗinki da saƙar kwalliya, inda masu yi suka fi masu saye yawa.

In aka ce mata su shiga sana'o'in maza, za a ce sana'a gado ce. Gaskiya ne a ƙira da fawa da wanzanci, kowace da sarkinta. To amma wa ya gaji walda, ko gyaran salula, ko haɗa wutar sola? Ba gadon kakan kowa ba ne. Yaron da ya iya su koya ya yi wurin maigida ko a cibiyar koyon sana'a, kuma abin da ake koya ba ya tambayar namiji ko mace. Hujjar da ta fi nauyi ita ce aure da jari: ana aurar da yarinya kafin ta gama koyo, wadda ta gama kuma ba ta da kuɗin kayan aiki. Ta jari dai matan sun nuna hanya tun 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi, tsarin da daga baya ƙasashen Afirka da dama suka ɗauka. Ta aure kuwa tana hannun iyaye da mazaje. A bar yarinya ta gama koyonta, ranar da aka yaye ta kuma a ba ta kayan aiki tare da takardar shaida.