Ruwan Lagdo da ranar Garwa

Wata ranar Afrilu ce, irin wadda kwalta ke laushi a Garwa, ina cikin shirin da masu saurare ke bugo waya. Wani tela daga unguwar Yelwa ya shigo layi. Na ɗauka kukan ɗauke wuta zai yi kamar kowa, ashe tambaya ce da shi. Ya ce: "Malam, na ɗora farantan sola a kan shagona. Kafin ƙarfe sha ɗaya batir ya cika fal. To sauran ranar ina take zuwa? Ƙanena da ke Turai ya ce su can kamfanin wuta ke karɓar rarar, ya rage musu kuɗin wata. Mu me ya hana?"

Na ba shi amsa irin tamu ta 'yan rediyo, wato na ce za mu nemo masana. Amma tambayar ta bi ni gida. Da na zauna da ita sai na ga ba za ta amsu ba sai an koma baya, an duba yadda wuta ta zo mana tun farko.

A Kamaru wutar lantarki 'yar kudu ce. Tun shekarun 1950 aka kafa tashar Edea a kan kogin Sanaga, kuma babban mai shan wutarta shi ne kamfanin sarrafa alminiyam da ke nan garin. Arewa kuwa injinan dizal ne ke ruri a manyan garuruwa, ƙauye kuma fitilar kwai da aci-bal-bal. A 1974 gwamnati ta kafa SONEL domin ta haɗa harkar wuta a hannu ɗaya. Shekara uku bayan haka, a 1977, aka fara aikin da ya sauya mana rayuwa: madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, sama da Garwa. 'Yan Sin ne suka gina ta, aka gama a 1982, shekarar da Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan, ya ajiye mulki a watan Nuwamba. Injina huɗu aka saka, kowanne megawat 18, jimilla 72.

A wancan zamani megawat 72 ya fi ƙarfinmu. Dattawa na ba da labari cewa wuta ta yi yawa har ana neman masu ja. Masaƙar CICAM a Garwa, injinan gurzar auduga na SODECOTON, kamfanin siminti na Figil, duk suka rataya a wuyan Lagdo. Aka ja manyan wayoyi zuwa Marwa da Ngaundere. Yankuna uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, suka zama layi guda mai zaman kansa, wanda bai haɗu da layin kudu ba. Wannan shi ne abin da ya kamata mai karatu ya riƙe: an gina mana tsarin da wuta ke fitowa daga wuri ɗaya, ta gangaro ta hanya ɗaya, ta shiga gida ta mitar da ba ta san ƙidaya ba sai gaba. Babu wanda ya yi tunanin wata rana gidan tela zai iya mayar da wuta.

Madatsar ba mu kaɗai ta shafa ba. 'Yan'uwanmu na Yola da Makurɗi da Lokoja sun san sunan Lagdo ta wata fuska, domin duk shekarar da ruwa ya yi yawa aka buɗe ƙofofi, su ke kwana a kan tudu, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Madatsar Dasin Hausa da aka ce Najeriya za ta gina a jihar Adamawa don tare ruwan har yau ba ta tsaya ba. Wannan wani zance ne na daban.

Kamfanin wuta ya yi ta sauya hannu. A 2001 aka sayar da kaso mafi tsoka na SONEL ga kamfanin AES na Amurka, ya zama AES-SONEL. A 2014 kamfanin Actis na Ingila ya karɓa, aka raɗa masa Eneo. A 2015 aka ware manyan wayoyin dakon wuta aka ba wani sabon kamfanin gwamnati, SONATREL. Suna ya yi ta sauyawa, amma injinan Lagdo huɗu ne kamar yadda 'yan Sin suka bar su. A tsawon shekarun nan jama'a ta ninka, kowane gida ya samu fanka da firji da wayoyin da za a caja, laka kuma tana ta taruwa a gindin tafkin tana rage masa ciki. Da damina ta gaza a wajajen 2020 da 2021, sai asiri ya tonu. Ruwa ya ja baya, injinan suka koma aiki rabi-rabi, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashar dizal ta Jambutu ta yi iya ƙoƙarinta, amma wutar mai tsada gare ta, kuma man daga kudu ake jawo shi. A haka muka karɓi baƙin gasar cin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya a Janairun 2022, kowa na addu'ar kada a ji kunya.

Wahalar ce ta sa aka ɗaga kai aka kalli sama. Kamfanin Scatec na ƙasar Norway ya kafa gonakin sola biyu, ɗaya a Marwa ɗaya a Gidar, masu megawat 36 tare da manyan batira, ya ba Eneo haya, aka ƙaddamar da su a 2023. Wato rabin ƙarfin Lagdo ke nan daga rana kawai, cikin ɗan lokaci, ba tare da an tashi ƙauye ko ɗaya ba. Talakawa kuwa ba su jira kowa ba. Farashin faranti ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a duniya tsakanin 2010 da 2020, sai ga su a kasuwa ana ciniki kamar buhun shinkafa. Hau bene a Garwa yau ka duba rufin kwano, ka ƙirga da kanka.

To abin da ƙanen tela ya faɗa gaskiya ne, kuma ya daɗe. Ana danganta farkonsa da wani mai zanen gine-gine a jihar Massachusetts ta Amurka, Steven Strong, wanda a wajen 1979 ya haɗa farantan wani gini da layin gari, aka ga mita tana juyawa da baya idan rana ta take. A 1983 jihar Minnesota ta mayar da abin doka. Jamus ta bi tata hanyar da dokar 1991 da ta 2000, inda aka wajabta wa kamfanonin wuta sayen wutar mai rufi a kan tsayayyen farashi. A Afirka, Tunisiya ta fara nata tsarin a 2010. Yadda abin yake da sauƙin fahimta: da rana ka ba layi rararka, da dare ka ja daga layi, ƙarshen wata a cire wannan daga wancan, ka biya abin da ya saura. Layin gari ya zama maka rumbu, ba sai ka sayi batir ba.

A takarda, mu ma ba a bar mu a baya ba. Dokar lantarki ta 14 ga Disamba 2011 ta ce wajibi ne a haɗa mai samar da wuta daga rana ko iska da makamantansu da layi idan ya nema, shi ya ɗauki kuɗin haɗin. Dokar kasafi ta 2012 kuma ta ɗauke harajin saye a kan kayan sola. Amma doka daban, mitar da ke jikin bango daban. Ni dai a unguwarmu ban taɓa ganin gidan da ke da mita mai ƙirga shiga da fita ba. Wani ma'aikacin haɗa sola ma ya gargaɗe ni cewa akwai mitocin da in ka tura musu wuta da baya, sai su lissafa ta a matsayin wadda ka sha. Ka ba da kyauta, a caje ka.

Akwai kuma cikas ɗin da ƙanen tela bai sani ba, domin can inda yake wuta ba ta ɗaukewa. Na'urar da ke tura wutar faranti cikin layi an ƙera ta ne ta mutu nan take idan wutar gari ta ɗauke, don kada ta kashe ma'aikacin da ya hau turke yana gyara. Ke nan ba ka iya sayar wa layi komai sai layin na da rai. A garin da ake ɗauke wuta da tsakar rana, rumbun a rufe yake a daidai lokacin da kake da hatsin zubawa. Shi ya sa mu a nan batir ya zama dole, kuma batir ne ke cinye kuɗin, zafin garin nan kuma yana kashe shi da wuri.

Duk da haka ina ganin babu inda wannan tsari ya dace kamar arewacin Kamaru, kuma dalilina Lagdo ne. Madatsar ruwa ba kamar injin dizal ba ce: abin da ba ka sake yau ba yana nan yana jiranka. Duk wutar da rufin Garwa ya zuba a layi da azahar, ruwa ne da ba a sake ba a Lagdo, wanda za a iya sakewa bayan magariba lokacin da kowa ya kunna fitila da fanka. Kuma dubi yadda lokaci ya dace: watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da tafkin ya fi ja baya kuma zafi ya haura digiri 40, su ne watannin da rana ba ta fashi. Batir mafi girma a yankin nan tun 1982 aka gina mana shi, ba mu dai kira shi da sunan ba. Sannan tsarin ragi ba ya bukatar kamfani ya fitar da ko sefa ɗaya daga aljihu, lissafi ne kawai a takarda, abin da ya dace da harkar da kowa ke bin kowa bashi.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Mai rufi shi ne mai gida, mai faranti shi ne mai hali. Idan manyan gidajen da ke biyan kuɗi mai kauri suka koma biyan kaɗan, kuɗin gyaran turaku da taransifoma zai faɗa kan ɗan haya da mai ƙwai biyu. Wannan muhawara ce ta sa jihar Kalifoniya ta zaftare kuɗin da take ba masu rara a 2023, Pakistan ma, wadda ta fara tsarin a 2015 har faranti ya cika ƙasar, ta shiga irin wannan ja-in-ja. Mu da muka makara muna da damar kallon inda suka yi tuntuɓe. Da ni ake shawara, da na ce a fara da rufin makarantu da asibitoci da masallatai da ofisoshi, waɗanda rabin mako ko rabin yini a rufe suke rana na dukan kwanonsu a banza, a ga yadda layin zai ɗauka. Ana aikin haɗa layinmu da na kudu domin wutar Nachtigal mai megawat 420 ta iso mu har ta wuce Chadi, kuma muna maraba. Sai dai ita ma daga wuri ɗaya za ta fito, ta hanya ɗaya, kamar dai 1982.

Bayan wata biyu na bi ta Yelwa na nemi shagon telan. Bai jira masanan da na yi masa alkawari ba. Ya ja waya ta kan katanga zuwa gidan wata dattijuwa mai sayar da zoɓo da ƙanƙara. Daga sha ɗaya zuwa la'asar firjinta na shan rarar farantansa. Na tambaye shi nawa take biya. Ya nuna mini kula a ƙarƙashin keken ɗinki, ya ce: "Hajiya ba ta ba ni kuɗi, Malam. Ƙanƙara uku kullum, ranar Juma'a huɗu."