Naira 7,000 da keken ɗinkin Kawu: tarihin kuɗin nakasassu a Jigawa

1/ Jiya wani ya ce min wai gwamnati ba ta taɓa yi wa nakasassu komai ba a Arewa. Na ce masa a'a, an yi. A tambayi dai me aka yi, kuma ina ya kai su. Ni ɗan Gagarawa Tasha ne, kuma a gidanmu na ga yadda kuɗin ya shigo. Ku biyo ni, zaren yana da ɗan tsawo.

2/ Mu faro daga baya. A ƙasar Hausa nakasassu suna da tsarinsu tun kafin zuwan Turawa: Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare. Sarautu ne na gaske, da naɗi da masu riƙe da muƙamai a ƙarƙashinsu. Su ke sasanta rigima, su ke raba sadaka da zakka in ta zo.

3/ Tsarin ya ba su murya a fada, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a kan sadaka aka gina shi. Yaro makaho ya tashi ya tarar an riga an zaɓa masa sana'a: sanda, ɗan jagora, ƙoƙo.

4/ A shekarun 1930 aka buɗe sansanonin kutare irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, 'yan mishan na SIM suna kula da su. Ana magani, masu ƙarfi suna noma. A 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri. Wanda ke ƙauyukan Gumel kuwa, sai dai ya ji labari.

5/ Abin da ya kusance mu shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa ta nan, shi ya sa ake ce mana Tasha. Inda jirgi ke tsayawa akwai matafiya, inda matafiya suke akwai sadaka. Tsofaffinmu suna ba da labarin makafi da guragu da ke jeruwa a bakin dogo. Da jirgi ya ja baya, da yawa suka bi mota zuwa Kano, wasu har Legas.

6/ An ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991. Amma babban sauyin da nake son mu duba ya zo a 2007, da Sule Lamido ya hau mulki. Ya kawo dokar da ta ba nakasassu alawus na Naira 7,000 duk wata. Mutum 150 a kowace ƙaramar hukuma, ƙananan hukumomi 27.

7/ Ku yi lissafi da ni: mutum 4,050, wato Naira miliyan 28 da dubu 350 duk wata. Masarautar Gumel tana da ƙananan hukumomi huɗu, Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, kenan mu namu kason mutum 600 ne. Manufar a fili take: ka karɓi kuɗi, ka bar bara.

8/ Na san 'yan 2000 suna dariya, wai dubu bakwai ko data ba ta isa ba. Ku tsaya. A lokacin mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 5,500 ne. Ma'ana gurgun da ke ƙauye yana karɓar abin da ya fi wannan ma'aunin na doka. Dala kuma tana wajen Naira 125, dubu bakwai ta haura Dala 50.

9/ Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cikin waɗanda sunansu ya fito. Shan inna ce ta kama shi tun yana ɗan shekara uku, da hannu yake tafiya sai in ya samu keken guragu. Bai taɓa son bara ba. Yana zama gefen wani tela a kasuwa yana saka maɓalli da yin kalmasa, a ba shi na goro.

10/ Watan farko da kuɗin ya zo, kakarmu ta ce a sayi gero a ajiye. Kawu ya ce, "Inna, ki bar ni da wannan, in na ci shi ya ƙare." Ya shiga adashi da wasu mutum biyar. Da kwasarsa ta zo sai ya aika Gumel aka sayo masa keken ɗinki na hannu, irin wanda ake juyawa, tunda ƙafa ba ta taka feda.

11/ Wallahi har yau ina jin ƙarar keken nan a zaurenmu da daddare in Sallah ta matso. Ni nake riƙe masa fitila. Kafin shekara biyu yana da yara biyu masu koyo, duka masu ƙafa. Ya yi aure da kuɗin ɗinki. Ranar Alhamis yakan ba da kayan yara a kai masa kasuwar Maigatari.

12/ To a nan ne nake rabuwa da masu yabon shirin ba tare da tambaya ba. Kawu ya samu aiki ne saboda ya riga ya iya abu, kuma akwai gero a rumbun gida da zai ci yayin da yake tara kuɗin. Shirin kansa bai zo da keke ba, bai zo da shago ba. Abokansa da ba su da mai ciyar da su, abinci suka saya. Ni ba na ganin laifinsu ko kaɗan.

13/ Sannan 150 ɗin da aka fara da su a ƙaramar hukuma guda, ai ɗigo ne. Kowa a garinmu ya san makaho ko bebe da bai shiga ba. Wanda bai shiga ba kuma ina za ka ce ya nufa in ka hana shi bara?

14/ Sai kuɗin ya tsaya cak, duniya ta wuce shi. A 2011 mafi ƙarancin albashi ya koma 18,000. A 2019 ya koma 30,000. Alawus yana nan a 7,000. Abin da ya fara a saman albashin ƙasa ya dawo bai kai rubu'insa ba. Gwamnatin Umar Namadi ta ɗaga shi zuwa 10,000, an gode, amma a 2024 albashin ya tafi 70,000. Kashi ɗaya cikin bakwai kenan.

15/ Yanzu ɓangaren aiki, wanda shi ne asalin maganar. A Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga nakasassu. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. A 2020 aka kafa hukumar nakasassu ta ƙasa. Jigawa ma tana da dokarta tun zamanin Badaru.

16/ Wa'adin shekara biyar ɗin ya cika a Janairun 2024. Gobe in ka je banki ko sakatariya ko makarantarku, ka ƙirga matakala. Ka ƙirga ma'aikata nawa ka gani a keke ko da sandar makafi. Ba sai na faɗa maka amsa ba.

17/ Akwai wani ƙanina a unguwa, shi ma shan inna. Ya yi NCE, ya iya kwamfuta fiye da ni. An kira shi ganawar ɗaukar aiki a wani ofishi, ashe a bene ake yi. Mu biyu muka ɗauke shi kamar buhu, ya shiga gaban masu tambaya rigarsa duk ƙura. Da muka fito bai ce komai ba har muka hau mota. Can sai ya ce, "Yaya, ko sun ɗauke ni, wa zai riƙa hawa da ni kullum?"

18/ Kuma irinsa suna da yawa. Ku tuna a 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi, cutar ta sake bazuwa. Sai ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Yaran da ta kama a waɗancan shekarun yanzu sun haura 20. Sa'anninku ne, wasu suna karanta wannan zaren. Takarda suke riƙe da ita, aiki suke nema.

19/ Kuma an ga abin da suke yi in kayan aiki ya shiga hannu. A Kano ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa, ƙarƙashin Aminu Ahmed Tudun Wada, tana ƙera kekunan guragu da walda, guragu ne ke aikin. Ƙwallon guragu da ake bugawa a kan katako mai taya, Misbahu Lawan Didi ne ya ƙirƙiro ta a 1988.

20/ Ra'ayina, kuma kuna iya musa min: kada a taɓa alawus, akwai tsofaffi da masu larura mai tsanani da shi ne abincinsu. A ɗaure shi da albashi, in ɗaya ya tashi ɗayan ya bi. Amma a ware wani kuɗin daban na aiki: keke, injin walda, jari, kuɗin koyo a wurin mai sana'a, gyaran ƙofar ofis.

21/ A nan Gagarawa ana ta maganar filin masana'antu da gonar rake, Maigatari tana da yankin ciniki na kan iyaka, riɗi da zoɓo suna fita da tirela. Tsintar riɗi a zaune ake yi. Rubuta awo a zaune ake yi. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi guraben nawa aka rubuta wa nakasassu a waɗannan wuraren, a takarda.

22/ Kawu yana nan, gemu ya yi fari. Keken 2008 ɗin ma yana nan, an canza masa hannu sau biyu. Da na karanta masa wannan zaren a waya sai ya ce in ƙara cewa yanzu injin wuta yake so, mai haɗe da sola, ya tambayi kuɗinsa a Gumel, ko ya tara alawus ɗin shekara ɗaya cur bai taɓa ko sisi ba, ba zai saya ba.