Murar 1918 a Legas: yadda jama'a suka karɓi matakan gwamnati

A ci gaba da waiwayen tarihin garuruwan da muke zaune a cikinsu, yau za mu duba annobar murar 1918, wadda Turawa ke kira murar Sifen, tsofaffinmu kuma a Arewa suka san ta da suna marisuwa.

Ta ruwa cutar ta shigo mana. A watan Agusta ta sauka Firitawun ta ƙasar Saliyo, ta bi gaɓar teku zuwa Gana, sannan a tsakiyar watan Satumba jiragen ruwa suka kawo ta Legas. Wanda aka fi ambata a cikinsu sunansa Bida. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya bai ƙare ba, sojoji da ma'aikatan jirgi sai kai da komowa suke yi.

Gwamnatin Turawa ta dogara da dokar kiwon lafiya ta 1917. Aka killace waɗanda suka sauka daga jiragen, aka rufe makarantu da wuraren ibada, aka hana taro. Amma matakin da ya fi tayar da hankali shi ne bin gida-gida da duba-gari suka riƙa yi suna neman marasa lafiya, waɗanda Yarbawa ke kira wole-wole. Duk wanda aka samu a kwance sai a ɗauke shi zuwa inda ake killace masu cutar.

A nan ne aka samu matsala. Mutumin da ke jinyar mahaifiyarsa a ɗaki, ga baƙo ya faɗo masa har cikin gida, zai tafi da ita inda ba shi da tabbacin zai sake ganinta, kuma likitan kansa ba shi da maganin cutar, to me ake so ya yi? Sai mutane suka shiga ɓoye marasa lafiyarsu. Wasu kuma suka tattara kayansu suka bar garin, ta jirgin ƙasa, ta kwalekwale, wasu a ƙafa, da yawansu ɗauke da cutar ba su sani ba. A farkon Oktoba ta kai Abekuta da Badun. Layin dogon da ya isa Kano a 1911, wanda fatakenmu na goro da shanu suka samu sauƙi da shi, shi ne ya kai ta Arewa cikin 'yan makonni. Unguwar Sabo ta Badun ma shekararta biyu kacal da kafuwa a lokacin.

A ganinmu, wanda ya kira wannan gudu jahilci bai yi wa mutanen adalci ba. Dama can babu yarda tsakaninsu da hukuma. A 1916 an yi rikici a Legas kan kuɗin ruwan famfon Iju, domin jama'a na ganin Turawa ne za su fi morar ruwan, su kuma a bar su da biya. A watan Yunin 1918, wata uku kafin annobar, boren Adubi ya taso a ƙasar Egba kan haraji da aikin tilas, sojoji suka murƙushe shi. Hukumar da ta yi wannan jiya, ita ce yau ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce ta zo taimako. Ita ma dai, a yi mata adalci, likitocinta kaɗan ne, kuma duk duniya ba a gano ƙwayar da ke kawo murar ba sai a 1933.

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kimanin mutum 500,000 ne suka rasu a Nijeriya, daga cikin al'ummar da ba ta wuce miliyan 18 ba a wancan zamani. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Da asibiti ya gaza, kowa ya koma ga abin da ya sani, addu'a da maganin gargajiya. A Ijebu-Ode, bayan an rufe coci, wasu mabiya ɗariƙar Angilika ƙarƙashin Joseph Shadare suka riƙa haɗuwa suna addu'a da kansu, wata malamar makaranta mai suna Sophia Odunlami kuma ta yi kira da a dogara da addu'a da ruwan sama a bar magani. Wannan ƙungiya tana cikin tushen cocin Aladura da muke gani yau a unguwanninmu.