Tsadar Biki: Don Ma'aurata ko Don 'Yan Kallo?

'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai da malamanmu, har yanzu ina tuna ranar 29 ga Yulin 1981, da aka ɗaura auren Yarima Charles da Diana a Landan. Mutane wajen miliyan 750 suka kalli bikin ta talabijin. A 1996 auren ya mutu.

Wannan ɗabi'a ta daɗe. A 1633 Sarki Shah Jahan na Indiya ya aurar da babban ɗansa Dara Shikoh a Agra, aka kashe kimanin rupi miliyan 3, kowa ya ga ɗan da sarki ya fifita. Duk da haka ƙanen ango, Aurangzeb, ya ƙwace sarautar, ya sa aka kashe shi a 1659.

A ganina, irin wannan ɓarin dukiya don 'yan kallo ake yin sa. Su sarakuna daga baitulmali suka ɗiba. Mu kuwa, da yau muke aurar da 'ya'yanmu, na ga wanda ya sayar da gonar gado don a ƙirga akwatunan lefe a yaba masa. Mu sauƙaƙa wa juna, jama'a. Allah ya sa mu dace, amin.